Littafin Baƙi

Aikina a Washington miƙa takarda ne.
Ƙarfe ɗaya na rana muke tsallaka titi,
ni da maigidana, ɗan majalisa Renwick,
zuwa wani ɗaki mai faɗin tabarma biyu, ba taga.
An hana roƙo a cikin Majalisa,
sai roƙon ya kama haya a ƙetaren titi.

Ina miƙa suna, yana buga waya.
Wannan mai jiragen ruwa ne, karensa ya mutu, fara da jaje.
Wannan ya ba da dubu uku bara, nemi biyar.
Awa huɗu.
Muryar da ta girgiza zaure da safe
ta koma ta mai aron gishiri a maƙwabta.

Wata Talata tsohuwa ta zo daga mazaɓarmu,
Lorna Pettibone, awa tara a bas,
da kwalbar zuma a jaka, ba zuma a ciki.
Ruwan rijiyarta ne, launin shayin da aka manta.
Tun da masana'anta ta zauna a bakin kogi
shanunta ke sansana shi su juya.
Na nuna mata benci.
Ƙanƙarar kwat ɗinta ta narke, ta taru a gindin takalmi.

Halvorsen ya wuce ta gabanta, ko safar hannu bai cire ba.
Shi ba ya jira. Ya san sunan 'yata.
Kujerar da ke ciki ta san bayansa shekara goma sha biyu,
ya sauka da hular jama'a,
ya dawo da ta kamfani, ɗan kamun ƙafa.

Kada ku zaci ambulan.
Nan ba a cin hanci a duhu,
liyafa ake kiransa, har rasit ake yanka masa.
Sakin layin da Halvorsen ya rubuto daga ofishinsa
ya shige ƙuduri da waƙafinsa, da aya.
In baki ya ci, ido kan ji kunya:
da yamma maigidana ya fita ta ƙofar baya.
Tsohuwa ta ajiye kwalbar a teburina, ta bi bas.

Da sanyi ya sauka, Ximena Achterberg,
wadda ma'aikatan jinya suka kawo da dala ashirin-ashirin,
ta miƙe da shafi goma sha ɗaya.
A yi wa gudummawa murfi.
Wanda ya sauka ya sha iska shekara biyar
kafin ya dawo da bakin wani.
Duk mai shigowa a rubuta shi: wa ya aiko ka, me ka roƙa,
a baje a rana kowa ya gani.

Aka tafa mata, aka miƙa wa kwamiti,
ajiyar nama a gidan kura.
Murfi ya fito rariya.
Biyar ta fito ɗaya, ɗayar ma da ƙofa a gefe.
Littafin baƙi kaɗai ya tsira,
sun ɗauka ba mai karantawa.

Daren jefa ƙuri'a ya tsaya kan kwalbar,
ya girgiza ta, ya jira laka ta kwanta.
Ya ce, kin san nawa talla ɗaya ke ci a talabijin?
Na ce na sani, ni ke riƙe da lissafi.
Da safe ya danna na'am, bai kalli kowa ba.

Yanzu alƙalami na hannuna.
Halvorsen, sau goma sha huɗu a wata uku.
Pettibone, sau biyu, ta ga sakatariya.
Wata ƙaramar jarida can gida ta buga shafin
tsakanin tallan tayoyi da sanarwar mutuwa.
Sai waya ta yi ta kuka kamar jaririn da aka yaye,
Halvorsen kuwa ya fara cire safar hannu,
ya zauna a benci minti ashirin, yana duba agogo.

Ruwan bai washe ba tukuna.
Kwalbar na nan kusa da littafin.
Ƙarfe ɗaya saura biyar,
maigidana ya leƙo, ya ce ɗauko takardun,
akwai wani mai rijiyoyin mai da aka yi wa jika.