Gurbi Na Shida

A Birnin Kebbi, bayan sakatariya,
akwai wani gini mai launin ƙwai
da allon da rana ta lashe rabin sunansa:
Cibiyar Nazarin Falsafa da Zamanta…
sauran haruffan sun bi ruwan damina.
Nan nake aiki, shekara goma sha ɗaya.

Fankarmu uku, ɗaya ke juyawa.
Darbejiyar tsakar gida ta fi ɗakin taro jin muhawara.
A gindinta Malama Tumba ta shekara tara
tana raba kara da kunya,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
har yau ba ta ce ta gama ba.

Ran Litinin Dokta Kakale ya tara mu:
gwamnati na son ta sani
ko talakanta na da wadar zuci,
kuma kashi nawa cikin ɗari.
Aka miƙo min takarda mai gurbi biyar:
sosai, da dama, tsaka-tsaki, kaɗan, sam.
Aka haɗa min da kuɗin man kwana biyu
da biro biyu, ɗaya bebe.

Na bi hanyar Bunza har kwalta ta sallame ni.
A mafitar gulbi na tarar da Arzika mai fito
yana cusa tsumma a ɓarakar jirgi.
Muka gaisa, na karanta masa tambayar.
Bai ɗago ba.
"Wa ad da wagga tambaya?"
Na ce, gwamnati.
Ya ce, "Ta iya ruwa?"

Sai da muka kai tsakiya ya sassauta filafili.
"Bara gulbi ya canye min shinkahwa,
bana ya biya ni da kihi.
Ɗiyata nan ta haihu, inda kaka zamne,
muna hanyar asibiti.
Yaron ya kai gaɓa.
Ita ba ta kai ba.
Ran suna na yi dariya, na yi kuka,
duk bisa akushi guda.
Kai da ka yi boko,
zaɓa min ramin da za ka sa ni."

Biro ya yi shawagi bisa gurbi biyar
kamar shirwar da ta rasa ɗan tsako.
Na zana na shida a gefen takarda.
Kafin in san abin da zan rubuta,
ɗigo ya taso daga bakin filafili
ya cike min shi.

Da na koma, Modi mai kwamfuta ya ce
injin ba ya cin shida.
Ya duba sama, ya duba agogo,
ya jefa Arzika a tsaka-tsaki.

Rahoto ya fito da koren bango.
An yi taro, an sha lemo, an tafa,
wakilin wakilin kwamishina ya riƙe shi aka ɗau hoto.
Yanzu yana kanta ta uku, ɗakin ajiya,
inda gara ke karatu ba fashi;
ita kaɗai ke bin aikinmu shafi-shafi,
daga ƙarshe take farawa, wajen shawarwari.

Ba na raina gidan nan.
A ƙasar da kowa ke da amsa tun kafin asuba,
ba ƙaramin abu ba ne a ware ɗaki huɗu
don masu tambaya,
ko da albashi na zuwa da ɗingishi.

Takardar kuwa tana aljihun teburina.
Ɗigon ya bushe, ya bar wurin a tattare
kamar fatar goshin tsoho.
Na nuna wa Malama Tumba.
Ta daɗe tana shafa shi da ɗan yatsa,
ta ce in ba ta aro zuwa Alhamis.

Na manta ban faɗa ba:
da na miƙa kuɗin fito, Arzika ya ƙi karɓa.
Ya dubi takalmana ya ce,
"Riƙe abinka, ɗan gwamnati.
Kai ma da alama ba a tambaye ka ba."