Lissafi a Bayan Buhu

Sali magini ya zo ran Laraba,
igiya a kafaɗa, fensir a kunne.
Ya taka filin da ke bayan rijiya,
taku biyar nan, taku huɗu can,
ya yagi fatar buhun siminti
ya rubuta mini ɗakin Inna a kai.

Bulo ɗari bakwai. Yashin Binuwai tifa biyu.
Kwano, rodi, ƙusa, ladan hannu.
Ya ja layi ya ce, "Jaka ɗari takwas."
Na naɗe takardar kamar laya
na cusa ƙarƙashin keken ɗinkina.

Ni tela ne a Yelwa, cikin Garwa.
Yadin da na auna da hantsi
yadi ne har la'asar.
Ban san akwai awon da ke girma cikin dare ba.

Wata tara ina zubin adashi.
Na ɗinka kayan salla har allura ta zama biyu a idona.
Ran da na kwasa, ban ko ci abinci ba,
na nufi shagon Bobbo mai siminti.
Ya dubi takardar, ya dube ni,
ya ce, "Wannan ai kuɗin bara ne.
Motar Figil ta zo da sabon baki."

Figil!
Da ko kwana ba a yi a hanyarta.
Buhun bai ƙara nauyi ba, na ɗaga na ji.

Sali ya dawo, ya lashi fensir,
ya soke takwas ya rubuta tara,
ya soke tara,
ya tsaya yana sosa ƙeya.
Ban zage shi ba.
Na ga takalminsa, ya fi nawa buɗe baki.

Muka fara da abin da ke hannu.
Bango ya tashi zuwa gwiwa,
ya tashi zuwa ƙugu,
ya kai inda taga za ta zauna,
sai rodi ya yi tsalle, kwano ya bi shi,
mai tifa ya ce man fetur ne,
mai katako ya ce hanyar kudu ce,
kowa da wanda yake nunawa da leɓe.
Ni na juya ban ga kowa bayana ba
sai Inna, tana riƙe da gwiwarta.

Damina ta same mu a haka.
Yakuwa ta tsiro a tsakar ɗaki,
ba wanda ya shuka ta.
Akuyar maƙwabta ta riga mu tarewa.

Wata magariba na dawo daga shago
na tarar Inna ta ja tabarmarta ciki,
ta jingina da bangon da bai sha yaɓe ba,
carbi a hannu, sama a buɗe.
Na ce, "Inna, ba a gama ba."
Ta ce, "Ni ma ba a gama da ni ba.
Bar ni in fara sabawa da shi."

Ta tsinki yakuwar ta yi mana miya.

Yanzu na daina tambayar jimla.
Duk rigar amarya ɗaya, kwano ɗaya.
Wando uku, kilon ƙusa.
Sali yakan biyo bayan Juma'a
ya hau ya buga, ya sauko ya sha shayi,
wani lokaci ba ya karɓar komai.

Kwano shida ke sama yau,
daidai kusurwar da gadonta zai tsaya.
Jiya an yi yayyafi,
na ji ta tana kiran jikokinta:
"Ku zo ku ji ƙarar rufina!"
Suka cure a ƙarƙashin shidan nan,
ƙafafunsu a waje suna jiƙewa.

Takardar tana nan ƙarƙashin keke,
mai ya ɓata rabin lambobin.
Saura sha huɗu,
in Bobbo bai sake baki ba kafin Talata.