Tsagar Gashi

Ramin yana nan bayan gadar Kawo,
inda motocin Zariya ke sauke fasinja.
Shekara biyu muna gaisawa, ina kauce masa.
Ran Asabar ruwa ya kwana, ya rufe masa baki,
na taho a guje, kai a sunkuye,
sai ga ni a kan kwalta ina ƙirga gajimare,
tayar gaba na ta juyi ita kaɗai,
ba ta ji labarin an tsaya ba.

Gwiwa ta warke cikin mako.
Keken ne ya ƙi mantawa.
In na sassauta hannu sai ya ja hagu,
kamar akuyar da ta hango dusa a gidan maƙwabta.

Na tura shi Panteka da ƙafa.
Tanimu mai walda ya kife shi, sirdi a ƙasa,
ya kanne ido ɗaya, ya auna ƙafafun fok:
ta hagu ta ja baya da faɗin yatsa.
Ya kankare fenti can sama, kusa da wuya,
ya ɗiga baƙin mai, ya goge da gefen riga,
sai ga layi ya fito, siriri kamar gashin jariri.
Ya ƙwanƙwasa da sifana.
Dama ta amsa garau,
hagu ta amsa kamar ƙwaryar da ta sha faɗuwa.

"Dubu uku," in ji shi, "in miƙe, in ɗinke, in shafe,
ko kai ba za ka gane wurin ba.
Amma ƙarfen zai gane.
Abin da ya taɓa durƙusawa ya san hanyar ƙasa.
Da cefane kake zuwa da shi, da na ce kawo.
Ai ina ganin ku, masu matsattsen wando,
kuna gangara hanyar Kachia kamar an biyo ku bashi."

Akwai wani a Kasuwar Barci, shagon Yohanna,
na gwanjo, kore shar, ba tabo.
Dubu arba'in da biyu, ya rantse bai ci riba ba.
Kuɗin jarrabawar Ladidi ke nan, har da canji.

Ban gaya wa Tanimu ba,
Yaya Sallau ne ya yi wa wannan fok shuɗin fenti
a tsakar gidanmu na Tudun Wada.
Bai iya jira ba, ya taɓa ya ji ko ya bushe.
Shatin babban yatsansa na nan a ƙafar hagu,
ƙasa kaɗan da tsagar.
Shekara shida da muka kai shi makwancinsa,
ba wani sa hannunsa da ya rage mini sai shi.

Da dare na yi lissafi a bayan takardar kuɗin wuta.
Na ce da Asabe, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.
Ta ce, "Haka ne. Amma ba a kai masa goron gayyata.
Ka tambayo mana nawa ake sa haƙoran gaba."

Wata biyu ina hawa Keke Napep,
gwiwata na gogar buhun wani.
Sai da Ladidi ta zauna jarrabawa na koma wajen Yohanna.
Ya ƙara dubu ɗaya.

Yanzu keken shuɗi ne mai koren baki,
abokan hawa suna kira na mai aku.
Yana tafiya sak, ko na saki hannu biyu,
ko da yake ban cika saki ba.

Tsohon kuwa na kafa shi a bayan ɗaki,
ƙafafu sama, ya zama gwafa,
yana tallafe da reshen gwabar da 'ya'ya suka yi wa nauyi.
Wannan kayan zai iya ɗauka.
In na zo wucewa da buta
nakan ɗora yatsana a kan na Yaya.
Nasa ya fi nawa faɗi har yau.

Ramin Kawo, an zuba masa jar ƙasa.
Damina na tafe.