Shafin Ƙarshe

A Katako na tsince shi wata Asabar,
cikin dilar gwanjo, ƙarƙashin rigunan sanyi:
ɗan mutum na roba, bai fi tafin hannu ba,
ƙirji kamar turmi, kai kamar goro ɗaya,
an goya masa ɗan littafi a baya da zare.

Naira biyu.
Kuɗin niƙan Inna ne.
Dukan da na sha ranar,
har gobe idan sanyin Jos ya sauko
sai in ji ɗuminsa a gadon bayana.

Littafin bai kai katin asibiti faɗi ba.
Hotuna ɗaki-ɗaki,
magana tana fita daga bakin mutane cikin kumfa.
Ba Turanci ba, ba Larabci ba.
Malam Davou na aji huɗu ya juya shi sama,
ya juya shi ƙasa, ya gyara tabarau,
ya ce mu koma mu zauna.

Sai Dalyop ya ce shi yana jin yaren.

Ƙarya yake, kowa ya sani,
amma wa zai fasa tukunyar da yake ci a ciki?
Muka hau dutsen bayan makaranta,
ya ɗora yatsa kan layi, ya yi gyaran murya,
ya ce sunan jarumin Ƙirjin Kuza.
Ran Litinin mai koren fuskar nan abokin gaba ne,
ran Alhamis ya zama kawunsa mai bin sa bashi.
Ladan karatu, rabin rake da ƙosai biyu.
Ba mu taɓa neman ragi ba.

Shafin ƙarshe dai babu, wani ya yage.
Inda muka tsaya, Ƙirjin Kuza yana lilo a bakin rami,
hannu ɗaya riƙe da saiwa,
can ƙasa wani abu mai haƙora ya buɗe baki.
Dalyop ya ce gobe.
Goben ya ce jibi, maƙogwaronsa na ciwo.
Sai aka mayar da babansu Kafanchan.
Reluwe ba ta jiran ƙarshen labari.

Jarumin kuwa, abin da dodo bai yi masa ba
ƙanena ya yi da kurfoti:
ƙafa ɗaya ta narke.
Inna ta tokare taga da shi shekara uku,
bai taɓa bari iska ta rufe ta ba.

Makon jiya, da furfurata,
na gan shi a wani kanti a hanyar Bukur,
cikin leda, sabo fil, ƙafa biyu,
littafinsa a manne bayansa.
Kuɗinsa ya kai buhun dankali.
Na zaga, na duba omo, na duba sukari,
na dawo na biya,
na ce wa mai kanti na yarinya ne.

A gida Nusaiba ta haska shi da waya,
wayar ta shiga fassara.
Ashe sunansa wani abu ne mai lamba a ƙarshe.
Ashe mai koren fuskar ba kawun kowa ba ne.
Na ce ta wuce, ta wuce, ta kai ni ƙarshe.

Shafin da na yi shekara talatin ina bin bashi,
talla ne.
Saura guda takwas, a tara su duka.
Doki daban ake sayarwa.

Na yi dariya har na ƙware.
Nusaiba ba ta yi ba.
Ta koma shafin baya, ta ce,
to Baba, ya faɗa ko bai faɗa ba?

Na ce ajiye wayar nan, ba ta jin yaren sosai.
Na ɗora yatsa kan layi.
Na yi gyaran murya.