Kashi Ɗaya Ruwa, Kashi Biyu Iska

An sayar da firji, an sayar da kujeru,
labulen falo ya koma Tudun Wada gidan ƙanwata.
Saura akwatin gilashin nan a kusurwa,
yana ta ɓulɓul-ɓulɓul kamar bai ji labari ba.

Su uku ne.
Ɗan Kwalisa, mai jela kamar mayafin biki,
Ciyaman, da ba ya motsi sai an zuba abinci,
sai wata 'yar baƙa da Zinatu ta ƙi raɗa wa suna,
wai sai ta ga halinta tukuna.
Shekara biyu ke nan ba ta gama gani ba.

Maigadi ya ce, Hajiya, manja kaɗan da albasa,
an kashe magana.
Surukata ta ce a kai su gada a juye,
kogin Kaduna bai taɓa korar baƙo ba.
Na je na tsaya kan gadar na leƙa:
ruwan damina ja wur, yana jan leda da rassan itace.
Kifin da bai taɓa ganin tarwaɗa ba,
wanda na kwana ina ɗibar masa ruwa da kofi ina tsiyayarwa
daren da aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi,
shi zan miƙa wa wannan?

Takarduna wata bakwai suka ci.
Nasu kuwa, shaidar likitan dabbobi,
izinin shiga, hatimi a kan hatimi.
Ma'aikacin ya zare tabarau ya dube ni:
Kifi? Can ɗin babu kifi ne?
Na ce akwai.
Akwai masu jinya ma a can,
ga shi kuma sun aiko a zo da ni.

Bitrus na Kakuri, wanda ya sayar min da su,
ya zo da yamma da ledoji da ɗan tulun iska.
Bai yi min wa'azi ba, sana'arsa kawai ya faɗa:
Kwana biyu kafin tafiya kada su ci komai,
mai cikakken ciki shi ke ɓata ruwan kansa.
Leda biyu, ɗaya cikin ɗaya.
Kashi ɗaya ruwa, kashi biyu iska.
Ki rufe su cikin duhu, duhu na kwantar musu da hankali.
In kin isa kada ki juye su nan take,
ɗora ledar kan sabon ruwa ta yi ta yawo
har ɗumin ciki da sanyin waje su gaisa.
Sannan cokali ɗaya, ki jira. Wani cokalin, ki jira.
Ba nisa ke kashe su ba, Hajiya, gaggawa ce.

Na ce to.
Na so in tambaye shi wa zai ɗora ni kan ruwan can,
ƙasar da aka ce rana na faɗuwa ƙarfe huɗu,
sai na tambaye shi kuɗin leda.

Kwana biyun nan ni ma tuwo ya ƙi wuce min.

Yau ga mu a tashar Rigasa tun asuba,
kula a kan cinyata, na rungume ta kamar mai goyon gaba.
Cikinta ruwan famfon Malali ne,
wanda nake yi wa tsaki kullum don ba ya zuwa kan lokaci.
Yanzu shi kaɗai ne Kadunar da aka yarje min in ɗauka.

Jirgi ya ja. Rufin kwanoni suna komawa baya.
Zinatu ta kara kunne jikin kular,
ta daɗe, ta ɗago:
Mama, 'yar baƙar ce kawai ke motsi.
In mun sauka zan faɗa miki sunanta.