Falwaya Bakwai

Bara, a filin tantancewa,
zagaye na uku ne ya kayar da ni.
Wani kofur ya dubi lambar da ke ƙirjina,
ya ja mata layi da jan biro,
ko fuskata bai kalla ba.
Na hau motar Rigasa da ɗanɗanon jini a maƙoshi,
na ce wa Inna tsawo ne bai kai ba.

Ta yi shiru.
Ita ta haife ni, ta san tsawona.

Takalmin nan gwanjo ne, na Kasuwar Barci,
na hagu ya fi na dama yalwa,
na cusa masa tsumma, muka daidaita.
Ran farko falwaya bakwai na ƙirga
na dafe gwiwa a bakin kwata
ina huci kamar zugazugin maƙera.
Ilu mai shayi na fifita gawayi, ya ce,
"Wa ya biyo ka?"
Na ce babu.
Ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe."

Tabarma tana da baki.
Ƙarfe huɗu da rabi take fara magana:
gobe ma rana ce,
an yi ruwa cikin dare, hanya duk taɓo,
kuma wa ka sani a sama?
Ran da na saurare ta
na wuni a shagon ɗinki ina jin kunyar ƙafata.

Saje Tanko, mai gadin gidan mai,
wanda ya baro yatsu biyu a inda ba ya faɗa,
ya tare ni wata asuba da tocila:
"Rufe bakin nan, kai ba kare ba ne.
Ja biyu, saki biyu.
Ƙafa ba ta jin lallashi, agogo take ji."
Ya koma kan bencinsa.
Bai ƙara ce mini komai ba har yau,
sai dai in na gifta ya ɗaga tocila.

Bakwai ta zama goma sha tara.
Ƙwauri ya kumbura, na yi sati ina ɗingishi,
na koma bakwai.
Da azumi bayan tarawi na riƙa fita,
cikina cike da kunu yana ƙara.
Farcen babban yatsa ya yi baƙi, ya faɗi,
wani ya tsiro.

Yanzu har tashar jirgi nake kaiwa in juyo,
ban san ran da na daina ƙirga ba.
Ilu ya ce da ni yake ɗora tukunya.

Jiya aka ce an buɗe fom.
Ban gaya wa kowa ba.
Amma da na fito yau, duhu bai ɗaga ba,
na tarar da kofin silba a bakin ƙofa,
an rufe shi da faifai,
ruwan da sauran ɗumi.