Tarin da Ba Ya Tari

Arzika, ƙodata ta hagu tana cikinka,
shekara biyu ke nan da wata huɗu.
Na sayar da rumbun albasa uku a Aliero,
da gonar bakin fadama da Baba ya bar mana,
na kwanta, suka yanka, suka ɗauke,
suka dasa ta a gefen mararka
kamar yadda muke dashe bayan ruwa ya janye.
Ta kama.

Sai suka haɗa ka da ƙwayoyi, safe da dare.
Suka ce jikinka yana da masu gadi,
in sun farka za su kori baƙuwa,
a sa su barci.
Muka sa su barci.
Ban tuna an faɗa mini ba, ko murna ce ta toshe mini kunne,
cewa gidan da mai gadi ke minshari
ba baƙuwar arziki kaɗai ke shigarsa ba.

Da murɗar ciki ya fara, bayan la'asar.
Muka ce waken jiya ne.
Zawo mako uku, muka ɗora wa rijiya laifi.
Zazzaɓin dare, gumi har ya jiƙa katifa.
Inna Tumba ta jiƙa maka sabara,
na faki idonta na zubar a bayan ɗaki,
don an ce ƙodar aro ba ta shiri da saiwa.
Kullum kana ƙara ɗaure mazagi
kana cewa tela ne ya cika yadi.

A Birnin Kebbi suka zura bututu mai ido,
suka tsinko nama, bai kai ƙwayar gero ba.
Kwana tara muna jira.
Likitar, siririya mai tabon alli a hannun riga,
ta ce tarin fuka ne.
Na yi dariya, Allah ya yafe mini.
Na ce, Likita, yaron nan ko gyaran murya bai yi ba.
Ta ce ba a ƙirji kaɗai yake sauka ba,
wannan a hanji ya yada zango,
daidai inda ƙarami ke miƙa wa babba kaya.
Mai yiwuwa tun yana yaro yake kwance,
yana jiran gadi ya yi sanyi.

A bakin ƙofa na kama gefen rigarta:
ko ni na ba shi, a ƙunshe cikin kyautar?
Ta ce, an gwada ki, Hajo.
Je ki ci abinci.
Ban ci ba.

Yanzu magani biyu ke ja-in-ja a cikinka
kamar dillalai kan buhu ɗaya,
sabon yana rage wa tsohon ƙarfi.
Duk Talata a ɗebi jini a sake lissafi.
Ran da fitsarinka ya koma kalar manja
na zauna daɓas a ƙasa,
na zaci ƙodata ce ke kuka.
Ashe rinin ƙwaya ne.

Jiya ka yi loma bakwai ta tuwon shinkafa,
na ƙirga, ina yi kamar ina tsintar zogale.
Ka ce albasa ta yi kuɗi bana,
da mun bar rumbu ɗaya.
Ji mutum.

Wata shida suka ce, ko tara, ko fiye.
Sha, ga ruwa.
'Yar'uwarta tana nan gefena tana aikin biyu,
ba ta taɓa ƙorafi ba,
sai dai in na kwanta ta hagu
nakan ji wurin da babu kowa.